Mutum-mutumi da Danginsa: Ma'ana da Rabe-rabensu a Ƙagaggun Labaran Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da aka ba shi ƙagaggen labarin kimiyya ya juya zuwa Hausa yakan ci karo da wasu abubuwa masu magana da tafiya, waɗanda ba mutane ba ne, ba dabbobi ba, ba kuma aljanu ba. Sau da yawa sai ya haɗa su duka ya kira su mutum-mutumi. Wannan takarda za ta bayyana ma'anar kalmar, ta rarraba abubuwan da take ɗauke da su, sannan ta duba yadda zaɓen suna yake shafar mai karatu, musamman a zangunan Salaga da Yendi da Bawku a arewacin Gana.

2.0 Ma'ana

An samu kalmar mutum-mutumi ne ta hanyar ninki. Kamar yadda ruwa-ruwa yake nufin abin da ya yi kama da ruwa, haka mutum-mutumi yake nufin abin da ya yi kama da mutum amma ba mutum ba ne. Tun asali ana kiran abin da manomi yake kafawa a gona don korar tsuntsaye da wannan suna. Daga baya 'yan jarida suka faɗaɗa shi ya ƙunshi na'urar da Turawa suke kira robot.

A nan akwai bambancin da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Bahaushe yana raba halitta da ƙira. Halitta ta Allah ce, ƙira kuwa ta maƙeri ce. Aljani da dodo na tatsuniya halittu ne, don haka ba su cikin wannan rukuni. Amma budurwar danƙo da aka kafa a gona don a kama Gizo ƙira ce, saboda hannun mutum ne ya yi ta, kuma don wani aiki aka yi ta.

3.0 Rabe-rabe

Tambayoyi uku ne suke taimakawa wajen rarrabewa: da me aka yi shi, wace siffa gare shi, kuma shin yana da ra'ayin kansa?

3.1 Na'ura mai motsi da kanta. Tana maimaita aikin da aka tsara mata, ba ta tunani. A shekarar 1206 al-Jazari ya kammala littafinsa a Diyarbakir, inda ya siffanta irin waɗannan na'urori, har da mai zuba wa mutum ruwan wanke hannu.

3.2 Robot. Na'ura ce da take gane abin da ke kewaye da ita, ta kuma aikata bisa umarni. Ba dole ba ne ta yi kama da mutum. Irinta ce Isaac Asimov ya tsara wa dokoki uku a wani labarinsa na 1942, waɗanda suka sa kare ran mutum gaba da bin umarni, bin umarni kuma gaba da kare kai.

3.3 Androyid. Wannan shi ne mutum-mutumi na haƙiƙa, domin an ƙera shi ne ya yi kama da ɗan Adam a fuska da murya.

3.4 Saibog. Manfred Clynes da Nathan Kline ne suka ƙirƙiro kalmar a 1960. Mutum ne da uwa ta haifa, sannan aka haɗa jikinsa da na'ura. Kiransa mutum-mutumi kuskure ne, tunda mutum ne cikakke.

3.5 Wanda aka haɗa daga nama. Misalinsa shi ne abin da Victor Frankenstein ya haɗa a littafin Mary Shelley na 1818. Ba ƙarfe ba ne, yana jin zafi da kaɗaici.

3.6 Basira marar jiki. Misali HAL 9000, kwamfutar jirgin sama jannati a fim ɗin Stanley Kubrick na 1968. Murya ce kawai da ido, saboda haka ba ta da siffar da za a ninka mata sunan mutum.

4.0 Nauyin da Suna Yake Ɗauka

Kalmar robot ta shigo duniya ne ta wasan kwaikwayon R.U.R. na Karel Čapek, wanda aka buga a 1920. Tushenta robota ne a harshen Cek, wato aikin tilas da talaka yake yi wa mai ƙasa. A cikin wasan ana ƙera ma'aikata a masana'anta a sayar, a ƙarshe kuma su yi tawaye. Ashe tun farko maganar robot maganar bauta ce.

Mai karatu a Salaga ba ya bukatar dogon bayani kan wannan. A ƙarni na 19 garin babbar kasuwa ce ta goro da bayi, inda fatake daga Kano da Katsina suke sauka bayan sun ratsa ta Yendi, har zuwa yaƙin basasar 1892 da ya watsa jama'arsa. Mai fassarar da ya ce bawan ƙarfe ya kusanci asalin kalmar, amma ya taɓo tarihin da har yanzu yake da zafi a gidaje da yawa. Wanda ya ce na'ura kuwa ya yanke hukunci cewa abin kaya ne kawai, alhali wataƙila marubucin so yake mai karatu ya tausaya masa.

Nahawu ma yana da nasa hukunci. A daidaitacciyar Hausa mutum-mutumi namiji ne, na'ura mace ce: ya tashi, ta tashi. Amma a Hausar zangunan Gana, har da ta Bawku inda Kusasi da Mamprusi da Mossi suke ciniki da ita, bambancin jinsi ya yi rauni ƙwarai. Abin da ya rage a kowane kari shi ne bambancin wa da me. Idan tauraron labari ya ga androyid ya ce "Wane ne wannan?" ya ba shi matsayin mutum. Idan ya ce "Mene ne wannan?" ya ajiye shi cikin kayan aiki.

5.0 Kammalawa

An ga cewa mutum-mutumi ya dace da rukuni ɗaya ne kawai daga cikin shida. Kafin ɗalibi ya zaɓi kalma, sai ya amsa tambayoyi ukun nan, sannan ya duba matsayin da labarin ya ba abin: kaya ne, ko bara, ko mai 'yanci. Don gwaji, ɗalibai su rubuta gajeriyar hira tsakanin mai goro a kasuwar Yendi da androyid da aka aiko sayayya, sau ɗaya da wa, sau ɗaya da me, su ga abin da ya sauya.