Birkin faifai mai aiki da mai

Birkin faifai mai aiki da mai nau'in birki ne da ake sa wa kekunan hawan duwatsu. Idan mahayi ya matsa birki, mai yakan bi siririn tiyo ya tura fistan, takalman birki su damƙe faifan ƙarfe da ke tsakiyar ƙafar keken. Faɗin faifan yawanci milimita 160, 180 ko 203 ne.

Yana ci ko cikin ruwa da laka, saɓanin birkin roba na kekunan Raleigh da aka taɓa harhaɗawa a Kano. Shimano na amfani da man ma'adinai, Hope kuwa man DOT, kuma cakuɗa su yana lalata robobin ciki. Idan iska ta shiga tiyon, birkin yakan saki har sai an fitar da ita.