Yarda Tsakanin Sassan Na'ura da Matsalar Motar Jeep Cherokee

Motar zamani tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa, wata tana kula da birki, wata da inji, wata da sitiyari, kuma suna aika wa juna saƙonni ta hanyar sadarwar da ake kira CAN, wadda kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986. Saƙon da ke bin wannan hanya yana ɗauke da lambar da ke nuna irinsa da fifikonsa, amma babu shaidar wanda ya aiko shi, saboda haka kowane sashe yakan aiwatar da umarni ba tare da ya binciki inda ya fito ba. Tsarin ya dace da zamaninsa, domin a lokacin sai wanda ya shiga motar ke iya taɓa wayoyinta.

Rauninsa ya fito fili da aka haɗa rediyon mota da intanet. A 2015 masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun kutsa cikin na'urar nishaɗi ta Uconnect da ke cikin Jeep Cherokee ta layin salula na kamfanin Sprint, inda suka tarar da ƙofar sadarwa a buɗe wadda ba ta neman kalmar sirri. Rediyon ba ya iya ba birki umarni kai tsaye, sai dai akwai wani ƙaramin sashe tsakaninsa da CAN wanda ke karɓar sabuwar manhaja ba tare da duba sa hannun masana'anta ba, wato hatimin lissafi da ke tabbatar da asalin manhajar. Da suka sauya manhajar wannan sashe, suka samu ikon tsayar da motar daga nesa da hana birki aiki idan tana tafiya a hankali, abin da ya sa Fiat Chrysler ya janye motoci miliyan 1.4 domin gyara.

Abin takaici shi ne tun 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka tsara ƙa'idar da za ta rage wannan ɓarna: kada a ba kowane sashe iko fiye da abin da aikinsa ke buƙata, kuma a tantance kowace buƙata kafin a biya ta. Cusa ƙa'idar cikin tsohon tsari yana da wuya, tunda bayanan da saƙon CAN na asali ke ɗauka ba su wuce bayit 8 ba, kuma wurin ya yi wa hatimi kaɗan. Kamfanin Fiat Chrysler ya zaɓi sanya mai gadi tsakanin sassan da ke hulɗa da waje da sassan tuƙi a motocinsa daga 2018, matakin da ya tilasta wa kanikawa masu zaman kansu yin rajista kafin na'urorinsu su iya goge lambobin matsala daga kwamfutar motar.