Ranar da Aka Buɗe Mata Ƙofa: Riƙon Maraya da Zaman Aure

  Muna rubuto wa iyalan da ke karanta wannan mujalla daga Jabal Auliya, garin da ke bakin Farin Nilu, kimanin kilomita 40 kudu da Khartum, inda madatsar ruwan da aka kammala a 1937 take ciyar da masunta har yau, cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawa.

Bahaushe ya raɗa wa ranaku da yawa suna: ranar suna, ranar yaye, ranar saukar Alƙur'ani, ranar ɗaurin aure. Akwai wata rana da ba mu taɓa jin an raɗa mata suna ba, alhali ta kai waɗannan nauyi a rayuwar wanda abin ya shafa, wato ranar da wata mata ta kama hannun 'yar da ba ita ta haifa ba, ta shigar da ita ɗakinta, ta zuba mata abinci a kwano ɗaya da 'ya'yanta. A gidanmu muna kiyaye wannan rana, domin mai ɗakinmu 'yar riƙo ce. Iyayenta sun rasu tana da shekara huɗu, wata maƙwabciyarsu a Umdurman, wadda ba su haɗa jini ba, ta ɗauke ta da yardar mijinta. Duk shekara idan watan ya kama sai mu dafa abinci mu raba, mu yi wa mamatan addu'a, mu tafi gaishe da Inna da ta yi riƙon.

Wani zai tambaya, ashe wannan ba bidi'a ba ce? Mun kai tambayar gaban mahaifinmu, wanda ya daɗe yana limanci, tun kafin mu fara. Amsarsa ita ce: matuƙar ba a ɗauke ta idi ba, ba a kuma ƙirƙiro mata wata salla ko wani zikiri na musamman ba, to ciyarwa da sada zumunci da gode wa wanda ya yi maka alheri abubuwa ne da addini ya yi umarni da su a kowane lokaci. Ya gargaɗe mu da kada mu mayar da ita bikin nuna arziki. A kan haka muke.

Riƙo ba baƙon abu ba ne ga Hausawan Sudan, kusan ma a ce da shi muka zo. Kakanninmu sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram da nufin aikin Hajji a ƙafa, ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, har zuwa gaɓar Bahar Maliya. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu kuma noman auduga na Jazira, wanda ya kankama daga 1925, shi ya tsayar da su. Tafiyar takan ɗauki shekaru. A hanya ana haihuwa, ana mutuwa, kuma duk yaron da iyayensa suka faɗi, ayari ne ke ɗaukarsa. Shi ya sa karin maganar nan ta "ɗa na kowa ne" ta fi ƙarfin adon baki a wurinmu.

Sai dai Musulunci ya shata wa riƙo iyaka, kuma a nan ne muke so mu ɗan tsaya, domin iyalai da yawa suna cakuɗa shi da abin da Turawa suke yi, inda ake sauya wa yaro sunan uba ya koma ɗan gida ta kowace fuska. Larabawa ma sun yi haka kafin Musulunci. Zaidu ɗan Harisa, Allah ya yarda da shi, ya tashi a hannun Manzon Allah, har ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, sai ayoyi na 4 da na 5 na Suratul Ahzab suka sauka, suka yi umarni da a riƙa jingina kowane ɗa ga ubansa na asali. Ƙaunar da ke tsakaninsu ba ta ragu ba, sunan ne kawai aka mayar wa mai shi, kuma Zaidu shi kaɗai ne sahabin da Alƙur'ani ya ambata da sunansa. Shi kansa Annabi kakansa Abdulmuɗɗalibi ne ya riƙe shi, daga baya baffansa Abu Ɗalibi. Nana Maryamu kuma Annabi Zakariyya ne ya riƙe ta. Riƙo ke nan: a ba yaro gida, a bar masa asalinsa.

Wannan iyaka tana da wuyar ɗauka a aikace, kada mu ɓoye. Da a ce an ɗauki mai ɗakinmu tana jaririya Inna ta shayar da ita cikin shekaru biyun farko, da ta zama 'yarta ta shayarwa, 'ya'yan gidan maza su zama muharramanta. A mazhabar Malikiyya ko shayarwa ɗaya ta isa, Shafi'iyya kuwa sai biyar. To amma ta zo da shekara huɗu. Saboda haka da ta balaga sai ga ta tana yafa mayafi a gaban yayyen da suka goya ta a kafaɗa. Ta kan ce babu abin da ya tuna mata maraici kamar wannan mayafi. Gado ma haka: ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa. Amma shari'a ta bar ƙofa biyu a buɗe, wasiyya da ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku na dukiya ba, da kuma kyauta tun ana raye, da sharaɗin wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa kafin mai kyautar ya rasu. Mijin Inna, Allah ya jiƙansa, ya bi ta biyun. Ya saya mata keken ɗinki ya damƙa mata a gaban shaidu, kuma da wannan keke aka biya kuɗin makarantar 'ya'yanmu a shekarun da albashi ya gaza.

Lokacin ɗaurin aurenmu aka ga amfanin barin yaro da sunan ubansa. Mijin Inna, wanda ya ci da ita ya tufatar da ita fiye da shekara goma sha biyar, bai ce shi ne waliyyi ba, ko da yake malaman Malikiyya sun sanya mariƙi cikin jerin waliyyai bayan dangin uba. Ya aika har Mai Wurno aka nemo baffanta. Dattijon ya zo, ya zauna a kan tabarma, da aka tambayi waliyyi sai ya ce shi ne, amma ya wakilta wanda ya yi wahalarta ya bayar da ita. Mutane da yawa sun share hawaye a wurin. Daga ranar muka sami surukai gida biyu, muna durƙusa wa kowanne, kuma babu wanda ya taɓa jin an rage masa girma.

Ga 'yan'uwanmu maza da Allah ya haɗa su da matan da suka tashi a riƙo, muna da magana guda. Irin wannan mace ta girma tana auna lomarta, tana karanta fuskar mutane kafin ta nemi abu, ko da kuwa an riƙe ta da amana. Kalma ɗaya ta gori, daga miji ko uwar miji ko kishiya, tana iya rushe abin da aka shekara ashirin ana ginawa. Kuma a girmama gidan da ya riƙe ta kamar yadda ake girmama gidan haihuwa. Da mai ɗakinmu ta haifi ɗan fari, ɗakin Inna ta koma wankan jego, Inna ce ta dafa ruwa ta dama kunun kanwa har aka yi arba'in. Inda mace ta tafi wanka, nan ne gidansu, ko me takarda ta ce.

Ba kowane riƙo ne ya yi wannan kyau ba, a Sudan ko a Maraɗi ko a Kano. Mun san gidajen da 'yar riƙo ita ce mai talla da wanke-wanke, 'ya'yan gida suna makaranta. Wannan bauta ce da aka sauya wa suna, kuma wanda ke yin ta kada ya sa rai da maƙwabtakar Annabi a Aljanna, wadda aka yi wa mai riƙon maraya alkawari.

Bukatar riƙo ta ƙaru a ƙasar nan fiye da yadda muka taɓa gani. Gidan marayu na Maiguma da ke Khartum, wanda aka buɗe a 1961, ya daɗe yana karɓar jariran da aka tsinta, kuma Dokar Yara ta 2010 ta tanadi a riƙa ba da irin waɗannan yara ga iyalai su riƙe. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, yara fiye da 50 suka rasu a gidan cikin 'yan makonni saboda yunwa da rashin masu kula. A watan Yuni ƙungiyar Red Cross ta kwashe kusan 300 zuwa Wad Madani, da garin ya faɗi a watan Disamba aka sake kwashe su zuwa gabashin ƙasar. Jabal Auliya kanta ta faɗa hannun dakarun RSF a Nuwamba 2023, sojoji suka karɓe ta a Maris 2025. A tsakanin nan muna gudun hijira a Kosti, kuma shekara biyu ba mu ɗora tukunyar wannan rana ba.

Da muka dawo mun tarar da yara biyu na wani maƙwabcinmu masunci, mace da namiji, babu uwa babu uba, suna kwana gida-gida. Mai ɗakinmu ba ta nemi dogon shawara ba, ta shimfiɗa musu tabarma kusa da ta 'ya'yanmu. Mun aika wa danginsu na Sinnar saƙo, sun amince su zauna a hannunmu, za su riƙa zuwa dubiya. Da muka kai su makaranta, malamin da ke rajista ya ɗaga alƙalami ya tambaya ko da sunanmu za a rubuta su. Mai ɗakinmu ce ta amsa, ta faɗi sunan ubansu da na kakansu, ta kuma jira har ta ga an rubuta daidai.