Darasin Nutiriya da Hanyar Rage Ɓarnar Gafiya a Ƙasar Kankiya da Kusada

An shirya wannan bayani domin hakimai da magatakardansu, su karanta wa dagatai da masu unguwa, musamman na Kafinsoli da ƙauyukan da ke kewaye, inda gafiya da kurege da ɓera su ke yi wa talakawa ɓarna a gona da rumbu.

Nutiriya wata dabba ce dangin ɓera, asalinta daga Amurka ta Kudu. Ta fi gafiya girma nesa, haƙoranta jajaye ne, a bakin ruwa ta ke zama tana cin saiwar tsiro, tana haƙa ramuka a gaɓar kogi. A shekarar 1929 aka kai ta Ingila domin a yi kiwonta saboda fatarta mai laushin gashi. Waɗansu suka kuɓuce, suka hayayyafa a fadamun gabashin ƙasar, suka yi ta cin amfanin gona suna rusa madatsun ruwa. Sai a 1981 Gwamnati ta ɗauki masu tarko 24, ta yi musu alkawarin lada mai tsoka in sun ƙare aikin da wuri. A 1989 aka rufe aikin, babu sauran nutiriya a Ingila.

A jihar Luwiziyana ta Amurka kuwa abin ya sha bamban. Muddin fatar tana da daraja a kasuwa, maharba suna kamawa, ɓarna tana da sauƙi. Da farashi ya faɗi bayan 1980 sai suka janye, dabbar ta cinye ciyawar fadama har ruwan teku ya yi ta cin ƙasa. Saboda haka a 2002 aka fara biyan dala 4 a kan kowace wutsiya, aka kuma yi ta kwaɗaitar da jama'a cin namanta.

Darasin da ke ciki biyu ne. Na farko, maharbi ba ya ɗorewa a kan aikin da ba ya samun amfaninsa. Na biyu, baƙuwar dabba in ta kuɓuce a ƙasar da ba tata ba, kawar da ita ya kan ci shekaru da dukiya. Gafiyarmu ma ta yi haka: an kai ta Fulorida domin kiwon sha'awa, ta kuɓuce a wani tsibiri, hukuma ta sha wahala da ita.

Amma fa a lura, gafiya da kurege 'yan ƙasa ne, ba a nufin ƙare su, rage su a ke nufi. Fatarsu ba ta da kasuwa irin ta nutiriya, naman gafiya ne ya ke da masu so. Ga abin da a ke roƙon hakimai su tsaya a kai:

1. A shirya farauta da Sarkin Baka bayan an kwashe gero da dawa da gyaɗa, a yi aiki da tarko da haƙar rami.

2. A hana cinna wa daji wuta domin korar gafiya. Wutar tana ƙone kara da ciyawar dabbobi, tana kashe itatuwa, wani lokaci ta ci rumbu. Hasarar ta fi naman.

3. Kada a ci dabbar da guba ta kashe, ko wadda aka tsinta a mace.

4. A gargaɗi yara su bar taɓa ɓeran gida da cinsa. Wani irin ɓera shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na Barno a 1969. Fitsarinsa da kashinsa su ke ɓata abinci. A rufe hatsi, a bar shanya shi a ƙasa.

5. Mai fiɗa ya wanke hannu da sabulu, a dafa nama ya nuna sarai.

6. Duk wanda ya kawo baƙuwar dabba domin kiwo, dagaci ya sanar da Malamin Gona kafin ta yaɗu.

Magatakarda su riƙa rubuta gonakin da aka yi wa ɓarna da yawan abin da aka kama a kowane ƙauye, a aika wa Hakimi ƙarshen wata. Da wannan lissafi za a san inda ya kamata a fara baɗi.