Na'a-na'a: Mun Sha Ruwan, Mun Zubar da Ganyen

A yawancin gidajenmu aikin na'a-na'a guda ɗaya ne. A tsinko 'yan ganye, a jefa cikin butar shayi tare da citta da kanumfari, a tace, a watsar da tukar a bola. Haka ake yi a teburin mai shayi a Kano, haka ake yi a majalisar shayi a Agadas, in an ga ya canza wurin aiki to zoɓon azumi ya shiga. Ban ce wannan laifi ba ne, domin ƙamshin kaɗai ya biya kuɗinsa. Amma yawancin abin da ganyen ke ɗauke da shi na gina jiki ba ya fita cikin ruwan, yana nan a tukar da muke zubarwa. Na'a-na'a ganyen ci ne, kuma a kwanon abinci ya kamata mu nemi amfaninsa.

Dangin ɗoɗɗoya ne, kuma iri biyu suka fi shahara a duniya. Akwai mai sauƙin ƙamshi da ɗan zaƙi-zaƙi, wanda mutanen Maroko ke cika butar shayinsu da shi, shi ne aka fi girki da shi. Akwai kuma mai yaji, wanda ke da sinadarin mantol da yawa, irin wanda ake ji a alewar TomTom da man goge baki. Sanyin nan da mutum ke ji a harshe ba sanyi ne na gaske ba. Mantol ne ke taɓa wata kafa a jijiyoyin baki wadda aikinta jin sanyi ne, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka an sha ruwan randa. A shekarar 2002 aka gano wannan kafa, kuma ɗaya daga cikin masu binciken, David Julius, ya samu kyautar Nobel a 2021.

Alƙaluman Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka sun nuna cewa giram 100 na ɗanyen ganyen girkin na da kalori 44 kacal, da kusan miligiram 12 na sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da kusan miligiram 200 na kalsiyam, da kusan giram 7 na harza mai gyara hanji, ga bitamin A da C da folet. In aka tuna cewa macen da ke cikin shekarun haihuwa na buƙatar kimanin miligiram 18 na ƙarfe a rana, sai a ga kamar an tsinci dami a kala. Da irin waɗannan alƙaluma masu tallar magani ke yaudarar jama'a a Facebook da WhatsApp. Sai dai giram 100 na na'a-na'a ƙulli ne guda babba, mu kuwa ganye biyar ko goma muke sawa a shayi. Mafi yawan harzar ba ta narkewa a ruwa, launin da jiki ke mayarwa bitamin A maiƙo yake bi, shi kuma bitamin C tafasa na lalata shi. Abin ma bai tsaya nan ba. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 1999 ya gano cewa shan baƙin shayi tare da abinci na rage ƙarfen da jiki ke zuƙa da kashi 79 zuwa 94 cikin ɗari, shayin na'a-na'a mai yaji kuma da kashi 84. Ke nan mai ciki ko mai jego da ke kora burodi da shayin na'a-na'a da niyyar ƙara jini, akasin abin da take nema take yi. Gara ta ci abincinta, ta bari a yi kamar awa guda kafin ta sha shayin.

Wasu al'ummomi sun daɗe da gane cewa na'a-na'a ganyen ci ne. A Labanan ana yayyanka shi da yawa tare da faski da tumatir da ɓarzajjiyar alkama, a matsa lemun tsami, a zuba man zaitun, a ci ɗanye. A Indiya ana markaɗa shi da barkono ko a gauraya da nono a ci da shinkafa. Mu ba ma sai mun ari girkin kowa ba, tunda muna da kwaɗo. A ɗauki dafaffen zogale ko rama, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan man gyaɗa, sannan a ƙarshe a yayyaga cikin tafin hannu na na'a-na'a a watsa. Da hannu ya fi, domin wuƙa marar kaifi na dagargaza ganyen ya yi baƙi nan da nan. Man gyaɗar na taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A, tumatir da lemun tsami kuma na taimaka masa ya zuƙi ƙarfen. Haka yake dacewa da kindirmo da kokwamba lokacin zafi, ko a saman dafa-duka bayan an sauke tukunya.

Wani zai ce ko da an cinye ganyen, cikin tafin hannu bai wuce giram 10 ba, wato ƙarfe miligiram ɗaya da 'yan kai, alhali zogale da alayyafo sun fi araha kuma ana cin su kwano guda. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce na'a-na'a zai maye gurbinsu ya yi ƙarya. Babbar ribarsa a wani wuri take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, sukari kuma ya tsaya ƙasa da kimanin giram 50. Kowa ya san yadda muke antaya dunƙule a miya da sukari a zoɓo, ga hawan jini da ciwon sukari sun zama ruwan dare. Ba a raba mutum da ɗanɗanon da ya saba da wa'azi kawai, sai an ba harshensa wani abin da zai ɗauke masa hankali. Zoɓon da ya ji na'a-na'a da citta da ɓawon abarba yana shayuwa da sukari kaɗan, kwaɗon da ke ƙamshi ba ya neman ƙarin dunƙule. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, harshe zai saba.

Batun magani kuwa sai a bi shi a hankali. Gwaje-gwajen asibiti sun nuna cewa man na'a-na'a mai yaji, da aka zuba cikin ƙwayoyi na musamman, na rage murɗa da kumburin ciki ga masu wata larura ta hanji. Wannan mai ne da aka tace aka auna, ƙarfinsa ya ninka na kofin shayi nesa ba kusa ba. Mai fama da ƙwannafi ma yana iya ƙara masa, domin yana sassauta bakin tumbi. Ba a kuma shafa man mantol a hanci ko fuskar jariri, saboda yana iya toshe masa numfashi. Raɗe-raɗin cewa na'a-na'a yana rage ƙarfin namiji ya samo tushe ne daga ƙananan bincike a Turkiyya da Ingila, waɗanda aka yi a kan mata masu fitar gashi a fuska, suna shan shayinsa kofi biyu kullum. Wannan bai isa hujjar da za ta hana magidanci cin kwaɗo ba.

Saura tsafta, tunda ɗanye za a ci, kuma wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake yi musu ban ruwa. A wanke shi sau biyu ko uku da ruwa mai tsafta. Mafi sauƙi shi ne a shuka a gida. Ba a buƙatar iri: reshe ɗaya daga na kasuwa, a tsoma gindinsa a kofin ruwa, cikin mako guda ko biyu zai fitar da saiwa. A dasa shi a tsohon bokiti mai huji, a ajiye inda rana ba ta dukansa da tsaka, kada a bar ƙasar ta bushe. A bokiti za a bar shi, domin in ya samu fili mamaye shi yake yi. Uwargida, in kin sayo na shayi gobe, ki ware reshe biyu ki dasa, ragowar kuma ki raba wa buta da kwanon kwaɗo.