Raunin Jarirai Wajen Haihuwa: Tsakanin Haƙuri Da Neman Diyya A Zongon Kwatano

Kwanakin baya mun halarci wani suna a Gbegamey, maƙwabciyar Zongo a nan birnin Kwatano. Da aka fito da jaririn don malamai su yi masa addu'a, sai muka lura hannunsa na dama a sake yake, ba ya motsi, tafin kuma yana kallon baya. Kakarsa ta ce iska ce ta taɓa shi. Uban, wanda fataucin albasa yake yi daga Malanbil, yana kan hanya lokacin da naƙuda ta taso, sai maƙwabta suka kai matar wani ɗan ƙaramin asibitin kuɗi da ke cikin lungu. Kai ya fito, kafaɗa ta maƙale, aka ja da ƙarfi. Da muka tambaye shi takardun haihuwar, sai ya ce: "Wallahi Malam, rasiɗin magani kawai suka ba mu."

Abin da likitoci suka sani shi ne, akwai tarin jijiyoyi da suka taso daga wuya suka sauka hannu, kuma idan aka ja kan jariri fiye da kima sukan miƙe ko su tsinke. Yawancin irin waɗannan yara suna samun sauƙi cikin 'yan watanni idan an fara gashi da motsa hannu da wuri, wasu kuma sai an yi musu aiki. Wanda ya fi wannan muni shi ne doguwar naƙuda da ke hana iska isa ƙwaƙwalwar jariri, har ya tashi ba ya iya riƙe wuya, ba zama, ba tafiya. Haka ma shawara mai tsanani a kwanakin farko, idan aka yi sakaci da ita, takan taɓa ƙwaƙwalwa da ji.

Sai dai mai karatu ya sani, ba kowane rauni ne laifin ma'aikaci ba. Ungozoma na iya yin duk abin da ya kamata, a kuma samu matsala. Shi ya sa kotu a Jamhuriyar Benin take neman mai ƙara ya tabbatar da abubuwa uku: an yi kuskure ko sakaci, yaro ya cutu, kuma kuskuren ne ya jawo cutarwar. Alƙali kan naɗa wani ƙwararren likita ya duba yaron da fayil ɗinsa. Ƙarar asibitin kuɗi da ta asibitin gwamnati ba hanya ɗaya suke bi ba, don haka a fara ganin lauya kafin a rubuta komai.

To, a nan ne mutanenmu suke faɗuwa. Ɗan kasuwar da ba zai tsallake Seme ko Igolo ba sai da takardar kwastan a aljihu, shi ne zai bar asibiti da jaririnsa ba tare da ya karɓi ko fallen takarda ba. Karnen awon ciki, hoton ciki, rasiɗai, sunan wanda ya karɓi haihuwa, lokacin da aka isa da lokacin da aka haihu, duk shaida ne. Akwai kuma makin da ake ba jariri a minti na 1 da na 5 bayan haihuwa, daga 0 zuwa 10, wanda ke nuna halin da ya fito. A nemi a rubuta shi cikin karne. Idan an ga alamar rauni, a kai yaron babban asibiti irin su CHU-MEL, wanda aka fi sani da HOMEL a da, ko CNHU Hubert Maga, a yi masa magani, a kuma karɓi takardar likita mai kwanan wata da hatimi.

Idan ba a manta ba, tun ranar 1 ga Afrilu 2009 gwamnatin Benin ta fara ɗaukar nauyin tiyatar haihuwa a asibitocin da ta amince da su, domin kada tsoron kuɗi ya sa a bar mace tana wahala. A shekarar 2018 kuma, gwamnatin Patrice Talon ta hana ma'aikatan lafiyarta haɗa aikin gwamnati da na asibitin kuɗi, aka kuma rufe wurare da dama da ba su da izini. Saboda haka tambayar farko tun ranar fara awo ita ce: wannan wuri yana da izinin hukuma?

Ga waɗanda iyalansu ke haihuwa a tsallaken iyaka, a Nijeriya akwai hukumar MDCN mai ladabtar da likitoci, har takan janye lasisi, amma ba ta biyan diyya. Wannan aikin kotu ne. Akwai kuma tsohuwar dokar da ta ƙayyade wata 3 kacal don shigar da ƙarar ma'aikacin gwamnati, kodayake tana da togaciya. Jinkiri kaɗai na iya kashe magana.

Mun san abin da ke hana mutane motsi: "ƙaddara ce, a bar wa Allah." Gaskiya ne, amma malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa wanda ya shiga aikin magani ba tare da sani ba, ya jawo ɓarna, lamuni yana kansa. Neman diyya ba rashin tawakkali ba ne, haƙƙin yaron ne, domin shi zai rayu da raunin, kuma gashi da magani kuɗi suke ci shekara da shekaru. Idan an zaɓi sulhu a gaban Sarkin Zongo ko liman, babu laifi, amma a rubuta abin da aka amince, da shaidu da sa hannu.

Shi dai abokin namu bai kai ƙara ba, don ba shi da abin riƙewa. Amma ya ji shawara ya kai yaron gashi, kuma a zuwanmu na ƙarshe mun tarar ya fara lanƙwasa gwiwar hannu. Ya nuna mana wata jakar leda da yake tara kowace takarda a ciki. Allah Ya ba yaron lafiya, Ya sauki matanmu lafiya, amin.