Aikin Hannu Da Hira Na Sanyaya Ran Mai Gigin Tsufa

A gidaje da dama, da zarar dattijo ya fara manta sunayen jikokinsa, ko ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba, sai a killace shi a ɗaki, a hana shi taɓa kome. Alhali kuwa zaman kaɗaici ƙara masa ruɗewa yake yi.

Wannan gigi ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ko sammu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 1921 da ɗari, wato 2021, mutum miliyan 57 ne ke fama da shi. Yakan fara shafe abin da ya faru jiya, amma abin da hannu ya saba tun ƙuruciya yakan daɗe bai gushe ba.

Saboda haka tsohuwar da ba ta gane surukarta tana iya tsince wake, ko ɓare gyaɗa, ko kaɗa auduga da mazari. Dattijo kuma a bar masa carbinsa, a kunna masa waƙoƙin zamaninsa irin na Alhaji Mamman Shata, a zauna da shi a tuna tsofaffin abokai.

Ya kamata abinci da wanka da ɗan tattaki su bi lokutan salla kullum. Ruɗewa takan tsananta da almuru, don haka a kunna fitila da wuri, a rage hayaniya. A nisanta shi daga wuta da rijiya. In ya yi kure a aikin, kada a tsawata masa, domin natsuwarsa ake nema.